Zuwa ga masu kawo mana ɗinki: muna nan, ba mu tashi ba

Assalamu alaikum iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, yayye da ƙanne.

Ban so a kai ga rubutu ba, amma magana ta yi yawa. Mako 3 ke nan mutane na zuwa karɓar ɗinki, su tarar da shingen kwano a gaban shago, su juya suna zaton mun kwashe. Muna nan. Ta lungun bayan masallaci ake shigowa yanzu.

Mai gidan da muke haya ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Magada suka sayar da filin bayanmu haɗe da jerin shagunan ga wani kamfani da ke son gina bene mai hawa 7 na gidajen haya. Takarda kawai aka miƙo mana, ɗan haya kuwa ba ya da ta cewa. Mutanen unguwa suka ce ba su yarda ba, kuma duk wanda ya san Birnin Kebbi a watan Afrilu ya san dalilinsu. In zafi ya tsananta, a tsakar gida ake shimfiɗa tabarma a kwana, mata da yara. Bayi da yawa a nan babu rufi. Wanda ke zaune a hawa na biyar, me zai ɓoye masa? Ga kwatar da ko yanzu ruwan Agusta ke cika ta har ya shigo mana ƙarƙashin kekuna, ga taransifoma ɗaya da unguwar duka ta rataya a kanta. Dattawa suka kai kuka wurin mai unguwa, aka wuce wurin hakimi, aka rubuta wa hukumar tsara birni. Aiki ya tsaya, amma bayan an riga an haƙa rami an kafa kwano, kuma motar haƙa ta tsinke wayar da ke kawo mana wuta.

Tun ranar janareto ke riƙe da mu. Kun san inda fetur ya kai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Keken ƙafa sai a lallaɓa, amma injin sirfani ba ya motsi sai da wuta, kuma babbar riga ɗaya mai cikakken aiki tana iya cinye wuni. Da hantsi muke tayar da janareto, ana kiran azahar mu kashe. Wannan ne ya kawo jinkiri, ba sakaci ba. Kuma ban ƙara wa kowa ko kwabo a kan cinikin da muka yi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne raɗe-raɗin cewa kamfanin ya ba ni kuɗi da alkawarin shago a ƙasan benen, wai shi ya sa ba a gan ni a taron unguwa ba. Wallahi ban karɓi sisin kowa ba. Ranar ina asibiti ina jinyar mahaifiyata, kuma hannuna na cikin takardar koken. Mahaifina ya buɗe shagon nan da keke ɗaya a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi. Matan da ake tsoron a leƙa gidajensu, wasunsu sun goya ni.

Batun wuta da na wurin zama, ana kan magana da waɗanda suka kamata, muna kuma dubawa nan da can. In abu ya tabbata za ku ji daga bakina.

Hajiyarmu da ta ba mu ɗinkin auren 'ya'yanta 4, Baba Alhaji da ke aiko da shaddarsa daga Argungu tun zamanin mahaifina, malaman makarantar da muke ɗinka wa ɗalibansu kayan makaranta, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na ga wasu sun zo sun karɓi yadinsu ba a ɗinka ba. Ban riƙe kowa a zuciya ba, amma na ji zafi.

Kayanku na kulle a akwatunan ƙarfe, ƙura ba ta taɓa su. Mai biki ko suna a cikin watan nan ya aiko yaro ya tuna mana, mu sa nasa a gaba.

Naku,
Mai shago da yaransa