Ki leƙa bayan hitar ɗakinki

Auta,

Jiya da muka yi waya na ji tarin nan naki ya dawo, kina ta ce min sanyin Manchesta ne kawai, ni kam hankalina bai kwanta ba. Tun Oktoba da kuka fara kunna hita kike shaƙewa da dare, kuma na san ƙirjinki tun kina goye, haka kike yi duk sanda ƙurar hunturu ta shigo Kano.

Ƙarfen hitar nan na jikin bango ƙasan tagarki ruwan zafi ne ke zagawa cikinsa, shi kansa ba ya hayaƙi. Amma in ya ɗau zafi iskar jikinsa sai ta yi sama, mai sanyin da ke ƙasa ta biyo bayanta, to ita ce ke kwaso ƙurar kafet da gashi da burbushin bargo ta ratsa tsakanin ƙarfen ta watso su ɗaki, masu nauyi su sauka, ƙananan da ido ba ya gani kuwa su yi ta yawo awa da awanni kina zuƙa kina barci. Kin tuna da na zo na nuna miki baƙin da bango ya yi saman hitar, kamar an kunna aci-bal-bal a wurin? Ƙura ce ta manne.

Dan Allah ranar Asabar ki kashe hitar ta huce, ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul a ƙasa, ki zura dogon burushi ta baya da tsakiya, wallahi za ki sha mamakin abin da zai zubo. Goga da jiƙaƙƙen tsumma, busasshe tayar da ƙurar kawai yake yi. Zafin ɗaki digiri 18 zuwa 21 ya ishe ki, kuma kowace safiya ki buɗe taga ko minti 10 ne duk sanyi.

Shanyar kaya a kan hitar ki daina, danshin bango yake komawa ya yi fumfuna, fumfuna kuwa ba ta shiri da mai asma. Turaren wutan da na ƙullo miki ma ajiye shi, a ɗaki rufe hayaƙinsa ya fi ƙurar illa, ni na ba ki amma ƙirjinki ya fi min ƙamshin.

Inhela, maganin shaƙar nan naki na asma, ta kwana kusa da filo. In sati ya zagayo tarin bai lafa ba ki je wajen likita, ki kira ni in ji me ya ce. Babanki na gaishe ki.

Ummanki