Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai: Abin da Muka Tarar a Makarantarmu

Assalamu alaikum. Iyayenmu na sahun farko, yayye da ƙanne, ga rahoton sakatariya na bana. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, za ta karanta nata daban, don haka kada a tsare ni da tambayar kobo.

A taron bara kun ɗora wa kwamiti aiki guda: mu je mu ga makarantarmu da idonmu, mu daina dogaro da hotunan da ake turowa a WhatsApp. Kowa ta san yadda aka yi ta zama kango. Da aka kwashi 'yan mata 276 a Chibok cikin Afrilun 2014, aka sake kwasar 110 a Dapchi cikin Fabrairun 2018, mun ɗauka masifar ta gabas ce. Sai ga Jangebe ranar 26 ga Fabrairu 2021, yara 279 a dare ɗaya. Jihohi da dama suka rufe makarantun kwana na bayan gari, tamu tana ciki. Aka rarraba ɗalibai zuwa makarantun jeka-ka-dawo, aka ce na ɗan lokaci ne.

Takardar izini ta sa mu zarya, amma ta fito. Muka kai gaisuwa wurin hakimi, dagaci ya haɗa mu da 'yan rakiya, muka shiga da hantsi a ƙarshen hunturu.

Ƙofar tana nan da kwaɗonta, sai dai katangar baya ta zube, ta nan kowa yake shiga. Gamba ta kai mana ƙirji a hanyar ɗakunan kwana. A ciki babu gado ko ɗaya. Gadajen ƙarfen nan masu hawa biyu da muke faɗa a kan wa za ta hau sama, 'yan jari-bola sun kwashe su, har da tagogi da wayoyin wuta da kan famfon burtsatse. Silin ya rufto, warin kashin jemage ya hana mu daɗewa. A jikin bango kuwa sunayen yara ne birjik, da gawayi da biro, kowace da ajinta da garinsu. A lungu muka ga bokiti ɗaya an rubuta masa suna da jan fenti, kamar yadda iyayenmu suke yi mana in za mu koma hutu. Mai shi ta tafi da niyyar dawowa.

Abin da ya tsira shi ne ƙararrawa, wato tsohon ƙarfen tayar babbar mota da ke rataye a jikin darbejiyar gaban ɗakin cin abinci. Ko nauyi ya yi musu, ko tsayi, oho. Hajiya shugaba ta ɗauki dutse ta buga shi sau uku, bugun kiran gabza. Dariya muka fara yi, ba mu ankara ba kowa tana share ido da gefen mayafi.

Ina so 'yan uwa su riƙe wannan, don shi ne ya canza mana tsarin aiki: mun zagaye makarantar kaf, ba mu ga ramin harsashi ko ɗaya ba. Ɗan bindiga bai taɓa shiga ba. Iska ce ta ɗage kwano ɗaya, babu mai buga ƙusa, damina ta jiƙa katako, gara ta ƙarasa, ɓarawo ya zo ya tsince saura. Ita kanta makarantar Chibok da duniya ta sa wa ido, sai a 2021 aka gama sake gina ta, shekara bakwai ke nan. Tamu da ba wanda ya san da ita, in muka zauna jira, fili za mu tarar.

Shi ya sa muka fara da takardu. A ɗakin ajiya na ofishin firinsifal mun sami rajistocin shiga da littattafan sakamako jibge a ƙasa, na ƙasan sun zama turɓaya. Waɗanda suka yi rai mun kakkaɓe, mun shanya, mun ɗauki hoton kowane shafi da waya, sannan muka miƙa su ofishin ilimi na shiyya aka sa mana hannu. Wata ta ce ɓata lokaci ne. Ba a yi wata guda ba, wata ƙanwarmu da gobara ta cinye takardunta ta zo neman shaidar cewa ta yi makarantar, muka samo sunanta a hoton rajista.

Ziyara ta biyu da damina muka yi. Filin wasa ya zama gonar gero da wake. A nan kwamiti ya rabu biyu: wasu suka ce a kai ƙara, ni ina cikin masu cewa a bar su, don tun da manoman suka fara zuwa sata ta ragu. Amma mun san halin gonar aro, in ta daɗe sai ta koma gado. Muka roƙi dagaci ya rubuta cewa aro ce, kowane manomi ya dangwala yatsa, kuma an yi. A wannan zuwan ne ƙafar ɗaya daga cikinmu ta burma murfin tsohon masai, Allah ya taƙaita, targaɗe ne kawai. Saboda haka kada kowa ta je ita kaɗai, kuma a ja wa yaranmu masu son ɗaukar bidiyon TikTok kunne. Maganar aljanun da ake ji suna motsi a ɗakin gwaje-gwaje, mun leƙa, awakin gari ne.

Sauran ayyuka a taƙaice: an ɗauki maigadi daga cikin gari, an mayar da kwanon ofis da na ajujuwa biyu, mun kuma leƙa wata makarantar 'yan mata da ke maƙwabtaka, halinta ya fi namu muni. Mun rubuta wa hukuma muna tuna mata cewa Najeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu ta Oslo tun 2015, har ta karɓi baƙuncin taronta a Abuja a Oktoban 2021. Muna jiran amsa.

Inda muka gaza shi ne bin sawun yaran da aka rarraba. Mun yi alkawari bara, ba mu cika ba, laifin kuma na kwamiti ne. Ɗan abin da muka ji daga iyaye, wasu sun ƙarasa a cikin gari, wasu kuɗin mota ya gagara aka yi musu aure. Shi ne aikin farko na baɗi, kuma sunayen jikin bangon nan da muka kwafe su za mu fara bi gari-gari.

Allah ya jiƙan 'yan uwanmu da suka rasu a cikin shekarar. Duk mai tsohon hoto ko katin sakamako ta zo da shi taro na gaba, Asabar ta biyu bayan ƙaramar sallah. Muna kuma neman waɗanda suka yi zamanin tsohuwar firinsifal, don akwai shafukan da rubutun hannunta ya gagare mu karantawa.

Sakatariya, a madadin kwamitin gudanarwa