Shugabannin kwalejoji, a riƙa leƙa aji

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini.

Ni tsohon malamin firamare ne a nan Katsina. 'Ya'yana mata biyu sun yi NCE, wato karatun shaidar malanta, a kwalejin ilimi ɗaya, shekara huɗu tsakaninsu. Zan sakaya sunan kwalejin. A zamanin babbar, ƙarfe takwas na safe shugaban ya riga ya fara zagaye, yakan tsaya bakin taga yana sauraron darasi. In malami ya yi fashi, kafin azahar an neme shi. Sakamako kuwa kafin a dawo hutu an manna shi a allo, wanda ya faɗi wani kwas ya san inda zai gyara tun da wuri.

Da ƙanwarta ta shiga, an riga an canja shugaba. Malaman su ne dai, azuzuwan ma su ne. Amma sai a yi sati biyu ba a ga ƙeyarsa ba, kuma komai sai ta bakin na kusa da shi. Malamin da ya faɗi gaskiya a taro an ɗauke shi ɗan tawaye, sai kowa ya ja bakinsa ya koma neman na cefane a waje. Yarinyar nan har ta shiga aji uku ba ta ga sakamakon aji biyu ba. Da ya fito, wai takardarta ɗaya ta ɓata, sai ta maimaita. Ranar nan ta zauna a tsakar gida, littafi a cinya, ba ta buɗe shi ba har aka kira magariba. Wallahi abin ya yi mini ciwo.

NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, ke nan waɗannan ɗaliban ne za su karantar da jikokinmu. Kuma garin nan ne aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa.

Roƙona ga hukumar NCCE, mai kula da kwalejojin ilimi, da gwamnatin jiha: in za a auna shugaban kwaleji, kada a tsaya kan gine-ginen TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu. A zauna da ɗalibai ba tare da shi ba, a tambaye su yaushe rabon su da ganin sakamakonsu.

Naku,
Wani mahaifi, Ƙofar Sauri, Katsina