Wasiƙar Godiya ga Sashen Wayar da Kai kan Lafiya na Ƙaramar Hukumarmu

Zuwa ga Shugabar Sashen Wayar da Kan Jama'a kan Lafiya,
Ofishin Kula da Lafiya a Matakin Farko.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Hajiya, ranki ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da dukkan ma'aikatan da ke ƙarƙashinki, na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin malamai da iyayen ɗalibai na makarantar firamaren da nake shugabanta, a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke bakin magudanan noman rani na Kadawa, waɗanda ruwan madatsar Tiga yake ciyarwa. Na zaɓi in fitar da ita a bainar jama'a maimakon in sa ta a ambulan in aiko miki, domin mun saba ɗaga murya idan ofishin gwamnati ya gaza, amma idan ya yi abin kirki sai mu yi gum, alhali kuwa Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici.

Manhajar ilimin matakin farko da hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, wato NERDC, ta tsara ta tanadi darussan kiwon lafiya da na zaman tare tun daga ƙananan azuzuwa, to amma abin da ke rubuce a manhaja daban, abin da malami yake da shi a hannu idan ya shiga aji daban. Shekara da shekaru abin da muke da shi bai wuce alli da allo da wata tsohuwar fosta da ta koɗe ba, mai ɗauke da hoton yaro a gaban farin kwanon wanke hannu da famfo da tawul a rataye, an yi bayanin da Turanci a ƙasa. Ban manta ranar da wani ɗan aji biyu ya ɗaga hannu ya tambayi malaminsu ko wannan kwanon na cin tuwo ne ba. Aji ya kwashe da dariya, amma yaron yana da gaskiya, domin a gidansu buta ake amfani da ita, ruwa kuma daga rijiyar burtsatse ake ɗebo shi a jarka. Darasin da ya fara da hoton abin da yaro bai taɓa gani ba, haddace shi kawai zai yi ya rubuta a jarrabawa ya manta.

Kayan da ma'aikatanki suka kawo mana sun bambanta da wannan tun daga shafin farko. Akwai babban kundin hotuna da ake ratayawa ana juya shafukansa, da katunan tattaunawa da ake raba wa yara rukuni-rukuni, da jagoran malami da aka rubuta da Hausar da malamin ƙauye zai karanta ba tare da ya nemi mai yi masa fassara ba. A cikin hotunan akwai buta da randa mai murfi da moɗa a kanta, akwai tabarma da akushi, akwai kaji suna kiwo a tsakar gida kusa da inda aka shanya kwanuka, akwai yarinya goye da ƙaninta. Abin da ya fi burge ni shi ne ma'aikatan ba su sauke kwalin sun sa na sa hannu sun juya ba, kamar yadda aka saba yi mana. Sun zauna da malamanmu a kan bencin ɗalibai, suka sa kowane malami ya tashi ya gwada koyar da shafi guda, suna gyara masa cikin ladabi, har da malamin da ya girmi wasunsu nesa ba kusa ba.

Darasin da ya fi yi mana tasiri shi ne na tsargiya, kuma a kansa nake so in ɗan tsaya. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san yaran da ke fitsarin jini, ya kuma san cewa da yawa daga cikin manya ba sa ɗaukar abin a matsayin cuta. Ni kaina da ina yaro na ji ana cewa alama ce ta namiji ya fara girma, har yaron da bai yi ba ake yi wa tsiya. Yaranmu a magudanar ruwa suke wanka idan zafi ya tsananta, a nan 'yan mata suke wanki da wanke-wanke, a nan kuma samari suke tsayuwa cikin ruwa har gwiwa lokacin dashen shinkafa. Shafin da kuka zana ya nuna zagayen cutar daki-daki: mai ɗauke da ita ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen su ƙyanƙyashe su shiga jikin ƙananan dodon koɗi na ruwa, daga nan wasu tsutsotsi da ido ba ya gani su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Malamin aji biyar bai tsaya ga hoton ba, sai ya je da kansa ya tsinto 'yan bawon dodon koɗin daga bakin magudana ya zuba a murfin gwangwani ya zagaya da su cikin aji. Gani ya kori ji. Yaran da a da suke ganin cutar daga rana take ko daga shan rake, sun ga abin da ke ɗauke da ita a tafin hannun malaminsu.

Amfanin wannan darasi ya fito fili ranar da aka zo rabon maganin tsargiya mai suna praziquantel. A shekarun baya, da zarar labari ya bazu cewa za a ba da magani a makaranta, sai rabin aji ya ƙi zuwa, domin maganin yana sa jiri da tashin zuciya idan aka sha shi ba a ci komai ba, kuma yaro ɗaya da ya yi amai ya isa ya tsorata unguwa guda. A wannan karon yara sun riga sun san dalilin da ya sa ake tsayar da kowa a jikin sandar awon tsayi kafin a ƙirga masa ƙwayoyi, sun san cewa dole ne a karya kumallo sosai kafin a sha, sun kuma kai wannan bayani gida da bakinsu. Iyaye mata suka turo su da ɗumame da kunu a kwano, wasu ma suka biyo su don su gani. Ba zan ce yara sun daina shiga ruwa ba, domin wanda abincin gidansu yake cikin fadamar shinkafa ba za a raba shi da ruwa da fosta ba, amma yanzu yaron da ya ga jini a fitsarinsa yana zuwa ya gaya wa malami, kuma na ji da kunnena wani ɗan aji huɗu yana yi wa abokinsa faɗa don ya ga zai yi fitsari a magudana.

Darasin wanke hannu bai ɗauke mu lokaci ba, tunda jagoran ya nuna yadda ake haɗa wurin wanke hannu da abin da ke hannunmu: jarka da aka huda an rataye a sanda, da igiya da wani ɗan itace da ake takawa da ƙafa ruwa ya zubo, da sabulu a cikin raga, ko toka idan sabulun ya ƙare. 'Yan aji shida ne suka kafa guda biyu a bakin ban-ɗaki, su ne kuma suke cika jarkokin kowace safiya bisa jadawali. Haka kuma 'yan mata manya, waɗanda galibi su ne ke rainon ƙannensu idan iyaye sun tafi gona, sun koyi yadda ake dama ƙunshi guda na ORS, wato garin gishiri da sukari da ake ba mai gudawa, a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, da cewa ana haɗa shi da ƙwayar zinc har kwana 10 zuwa 14, da alamomin da idan aka gani a jikin jariri mai gudawa ba a jira gari ya waye kafin a tafi asibiti.

Sai kuma sashen da na fi jin tsoronsa, wato na sanin jiki da balaga da kare kai daga masu lalata da yara. Gaskiya da na fara buɗe katunan sai da gabana ya faɗi, domin na san garinmu, na kuma san cewa kalma ɗaya da aka furta ba a wurinta ba tana iya sa iyaye su kwashe 'ya'yansu mata daga makaranta a mako guda. Hikimar da kika yi, Hajiya, ita ce kin hana a fara koyar da wannan sashe sai da aka zauna da dagaci da limamin gari da malaman Islamiyya da ƙungiyar iyaye da malamai, aka shimfiɗa katunan a gabansu ɗaya bayan ɗaya, aka kuma yi wa iyaye mata nasu zaman daban a gidan mai unguwa. Liman ne ma ya sauƙaƙa al'amarin, da ya tunatar da jama'a cewa littattafan fiƙihun da yaran suke karantawa da yamma suna da babin tsarki da na haila da na wanka, saboda haka babu wani sabon abu da za a faɗa wa yara in ban da yadda za su kula da lafiyarsu. An nemi ku canza wasu kalmomi biyu da ake ganin sun yi tsirara da yawa, kuka canza ba tare da gardama ba, aka kuma amince malama ce za ta koyar da 'yan mata, malami kuma ya koyar da maza.

Katin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda yake koya wa yaro bambanci tsakanin sirrin da ake riƙewa da sirrin da ba a riƙewa. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu a kan kunya da biyayya ga na gaba, kuma tarbiyya ce mai kyau, to amma mugu yakan fake da ita, ya ba yaro alewa ko kuɗin kashewa ya ce kada ya gaya wa kowa. Katin ya yi amfani da kalmar al'aura, wadda kowane yaro ya sani daga makarantar allo, ya nuna cewa babu wanda yake da ikon taɓa ta ko ya ce a nuna masa, ko da ɗan'uwa ne ko maƙwabci ko malami, sa'an nan ya sa kowane yaro ya ƙirga a yatsunsa manya uku da zai iya kai wa ƙara. Ba a nuna hoton da zai sa uba ya sunkuyar da kai ba, amma saƙon ya isa inda ake so. Malamarmu ta shaida mini cewa 'yan matan aji shida, waɗanda a da sukan ɓace kwana uku ko huɗu duk wata ba tare da bayani ba, yanzu sukan zo wurinta a keɓe su yi tambaya.

Game da allurar rigakafi kuwa, mu da muka manyanta muna tuna shekarar 2003 lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda jita-jita, da irin shekarun da aka ɗauka kafin a kai ga 2020 da aka tabbatar an kawar da ƙwayar cutar ta asali daga nahiyar Afirka. Mun kuma ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a jihar nan a 2023, galibi cikin yaran da ba a yi wa allura ba. Saboda haka lokacin da aka fara rigakafin sankarar bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023, mun san irin maganganun da za su taso. Shafin tambaya da amsa da kuka haɗa a jagoran ya ba malamai abin da za su faɗa wa uban da ya zo da shakka a ransa, ba tare da sun raina masa hankali ba.

Tunda na samu wannan dama, ina da 'yan roƙe-roƙe. Kundin hotunan guda ɗaya ne, azuzuwanmu kuwa cike suke maƙil, na baya ba sa hango abin da ke shafi sai an zagaya da shi, kuma damina ɗaya ta isa ta lalata takarda a ajin da rufinsa yake yoyo, don haka idan za a sake bugawa muna roƙon a ƙara yawa a kuma lulluɓe shafukan da leda. Muna kuma roƙon a buga manyan fostocin da ajami tare da boko, domin akwai almajirai da iyaye da yawa da suke wucewa ta jikin katangarmu waɗanda da ajami suke karatu. Malaman aji shida sun nemi a ƙara musu shafi a kan shaye-shaye, musamman sholisho da maganin tari mai kodin, wanda duk da haramta shi da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 yara suna jin labarinsa a bakin samarin tasha.

Ranar 15 ga Oktoba, wadda ita ce ranar wanke hannu ta duniya, ɗalibanmu suna shirya wasan kwaikwayo a kan tsargiya da za su yi a filin makaranta a gaban iyayensu, kuma sun dage cewa sai an gayyato ma'aikatan da suka kawo musu hotunan. Muna fatan za ki samu sarari ki zo, ko ki turo wakilai. Allah Ya saka miki da ma'aikatanki da alheri, Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya kuma raya mana zuriyarmu cikin ƙoshin lafiya.

Wassalam.

Naki cikin girmamawa,
Shugaban makarantar firamare,
a madadin malamai da ƙungiyar iyayen ɗalibai.