Masu Tara Faya-fayan Jaz, Kada Ku Tsallake Yusef Lateef

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da 'yan uwana masu sauraron jaz, kiɗan da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro, musamman waɗanda har yanzu suke tara faya-fayan garmaho. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, duk lokacin da aka zo lissafa faya-fayan da ya wajaba mai son wannan kiɗa ya mallaka, sunaye ɗaya ake ta maimaitawa, ana tsallake mutumin da ya fi kowa a cikinsu kusanci da mu, wato marigayi Yusef Lateef, wanda ya yi shekara huɗu yana zaune a Zariya.

Ba ina ƙorafi a kan waɗanda ake ambatawa ba ne, domin sun cancanta. Faifan Miles Davis mai suna Kind of Blue, wanda aka ɗauka a zama biyu kacal a birnin New York cikin 1959, shi ne ƙofar da yawancinmu muka shigo ta cikinta. Miles ya rage yawan sauye-sauyen sautin da aka saba ɗora wa mabusa, ya bar wa John Coltrane da Cannonball Adderley da Bill Evans sarari kowa ya ƙaga nasa nan take, irin yadda aka san Mamman Shata da ƙaga baiti a tsakiyar fili ba tare da ya zauna ya tsara shi a gida ba. Mai tara faifai ya kamata ya san cewa tsofaffin bugun wannan faifai suna da aibi a fuskar farko: na'urar da ta ɗauki sautin ta ɗan yi nawa, saboda haka kiɗan ya fito da sauri kaɗan fiye da yadda aka yi shi, kuma ba a gyara wannan ba sai a bugun 1992. Shi kuwa A Love Supreme, wanda Coltrane ya ɗauka cikin dare ɗaya a Disamban 1964 a matsayin godiya ga Ubangiji, ba ya bukatar wani ya yi masa talla. Haka ma faifan Ahmad Jamal da aka ɗauka a otal ɗin Pershing na Chicago a 1958.

To amma Lateef fa? An haife shi a 1920 a jihar Tennessee, ya tashi a Detroit, ya musulunta tun yana matashi, ya yi busa a ƙungiyar Dizzy Gillespie a 1949, daga baya kuma a ta Cannonball Adderley. Saksafon, wato wani abin busa na Turawa, shi ne kayan aikinsa na asali, amma tun kafin abin ya zama yayi ya riga ya shigo da kayan busa na Gabas da na Afirka cikin jaz. Faifan da nake ba kowa shawarar ya fara nema shi ne Eastern Sounds na 1961. Kiɗan farko a cikinsa, The Plum Blossom, da wata 'yar sarewar yumɓu ta ƙasar Sin ya busa shi, mai siffar ƙwai, wadda muryoyinta ba su da yawa. Mai saurare zai ji yadda yake juya waɗannan 'yan muryoyi a hankali, har ana jin fitar numfashinsa a bakin sarewar, yayin da Ernie Farrow yake kaɗa tsirkiyar rababa a ƙarƙashi, Barry Harris kuma ya shigo da fiyano a tausashe. A wani kiɗan kuma ya ɗauki obo, wato algaitar Turawa, wadda mabusan jaz ba su cika kusantarta ba, ya sa ta yi kuka mai ratsa jiki. A ganina wannan faifai bai gaza waɗanda na ambata a sama ba ko kaɗan. Abin da ya rasa kawai shi ne masu yi masa shela.

Shekara guda bayan haka ya yi busa a faifan makaɗin ganga Art Blakey mai suna The African Beat, tare da Solomon Ilori ɗan Najeriya, kuma wannan ma ya cancanci wuri a kan kanta. Sai dai Lateef bai tsaya ga sha'awar Afirka daga nesa ba. Bayan ya kammala digirin digirgir a fannin ilimi a Jami'ar Massachusetts a 1975, inda ya kwatanta ilimin boko da na Musulunci, sai ya zo Jami'ar Ahmadu Bello a 1981 a matsayin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya, ya zauna har 1985. A wannan zama ya yi nazari a kan sarewar Fulani, ya ɗauki faifan In Nigeria a Legas a 1983 tare da makaɗan ƙasar nan, sannan shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi a kan kiɗa da wasannin Hausa wanda ya fito a 1987. Mutumin da ya yi wannan, wanda Amurka ta ba lambar girmamawa mafi daraja a fagen jaz a 2010, bai kamata a ce matasanmu masu bin wannan kiɗa ba su taɓa jin sunansa ba.

Ga masu neman faifan kansa, ba sautin intanet ba, akwai abin lura. Eastern Sounds da A Love Supreme da The African Beat duk a ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder da ke jihar New Jersey aka yi su, kuma a tsofaffin bugu akan ga sunansa ko haruffan RVG a zane a ɗan filin da ke tsakanin ƙarshen kiɗa da takardar tsakiyar faifai. Wannan alama tana ɗaga farashi ƙwarai, amma ni ban ga dalilin da mutum zai zuba dukiya a kan bugun farko da ya sha allura har ya ƙoshi ba, alhali akwai sababbin bugu masu tsabta. Kuma duk wanda ya samu, ya jingina shi a tsaye cikin rigarsa, nesa da taga, domin zafin bazara yana lanƙwasa faifai, ƙurar hunturu kuma tana cika masa layuka har allura ta riƙa tsalle.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne ka tura wakilinka Samaru ya nemi malamai da ɗalibai da makaɗan da suka yi aiki da Lateef a waɗannan shekaru, a ji ta bakinsu tun suna raye, a kuma bincika ko akwai kaset ko hotunan da suka rage a hannun jama'a. Shi dai ya rasu a Disamban 2013 yana da shekara 93, kuma waɗanda suka san shi a Zariya yanzu duk sun manyanta. Haka nan ina kira ga gidajen rediyonmu da suka gaji ɗakunan faya-fayai tun zamanin Jihar Arewa da su duba abin da ke cikinsu, su ware ko da rabin sa'a a mako su riƙa sa wa jama'a.

Wassalam.

Mai karanta jaridarka a kullum,
daga Samaru, Zariya.