Dogara ga Allah Ba Jiran Jiya Ta Dawo Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana da 'yan'uwana Kiristoci, musamman na nan Jos, a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi, da wuya a tashi taron addu'a ko na Zumuntar Mata ba tare da wani ya karanta Irmiya 29:11 ba, inda Ubangiji ya ce nufinsa ga jama'arsa na alheri ne, ba na masifa ba. Aya ce mai sanyaya zuciya, ni ma na haddace ta tun ina yaro. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu masu wa'azi ke yanko ta ita kaɗai, su ɗora mata wa'adin da Allah bai sa ba, su ce kafin ƙarshen wata ko ƙarshen shekara komai zai koma yadda yake a da. Idan wa'adin ya cika ba a ga komai ba, sai mai raunin bangaskiya ya ɗauka Allah ne ya saɓa alkawari.

Duk wanda ya koma sura ta 28 zai ga cewa irin wannan wa'azin ba sabo ba ne. Annabi Hananiya ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara 2 za a karya ikon Nebukadnezzar sarkin Babila, bayin da aka kwashe zuwa Babila su komo gida, kuma babu shakka jama'a sun fi jin daɗin maganarsa. Amma wasiƙar da Irmiya ya aika wa bayin, wadda ke cikin sura ta 29, ta ce shekara 70 za su yi, wato yawancin dattawan da suka saurari karatunta a can za a binne su. Ya umarce su su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su aurar da 'ya'yansu, su kuma nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su bauta, su yi masa addu'a, domin a cikin lafiyarsa ne za su sami tasu. Ga waɗannan mutanen aka faɗi aya ta 11.

Ba daga littafi kaɗai nake magana ba. A ranar Juma'a 7 ga Satumban 2001, da rikici ya ɓarke, wani maƙwabcinmu Musulmi ne ya ɓoye mu a ɗakinsa a Unguwar Rogo, ni da maiɗakina da yara huɗu, har aka sami hanyar fitar da mu. A watan Fabrairun 2002 kuma gobara ta cinye babbar kasuwar Terminus, shagona na yadi ya tafi a ciki. Muka kama hayar ɗaki biyu a hanyar Rukuba, kuma shekara da shekaru na ƙi kwance wasu ƙullin kayanmu, na ƙi sayen fili ko da aka yi mini tayinsa da araha, ina cewa Allah zai mayar da mu gidanmu, ya mayar mini da shagona. Ina azumi, ina addu'a, ina kiran wannan hali bangaskiya, alhali kuwa tsara wa Allah hanyar da zai bi nake yi.

Maiɗakina ce ta riga ni ganewa. Ta fara sarin dankalin Turawa daga Bokkos tana sayarwa a bakin titi, ta nemi izinin mai gidan da muke haya ta dasa fiya a bayan ɗaki. Da na tambaye ta amfanin dasa itace a gidan da ba namu ba, sai ta ce, "Maigida, Allahn da ya ciyar da mu a can shi ne ya kawo mu nan, kuma wani zai ci ko mu ba mu ci ba." Da kuɗin dankalin nan aka biya wa yara makaranta, daga baya muka haɗa da ɗan abin da na samu muka sayi filin da muke zaune a kai yau.

Sashen da ya fi mini nauyi shi ne na neman lafiyar birni. Jos ta rabu, kowa ya san unguwannin da yake jin tsoron shiga, kuma rikice-rikicen 2008 da 2010 sun ƙara zurfafa ramin. Na yi shekaru ban taka tsohuwar unguwarmu ba, har ranar da na ji matar wancan maƙwabcin namu ta rasu. Na tafi ta'aziyya gabana yana faɗuwa, ya rungume ni a gaban jama'a, muka zauna a tabarma ɗaya har la'asar. Tun daga ranar nake ambaton unguwar da sunanta a addu'ar asuba ta gidanmu.

Roƙona ga fastocinmu da dattawan ikilisiya shi ne, idan za su karanta wa jama'a Irmiya 29, su fara daga aya ta 4. A kan bencinmu akwai gwauruwar da ta rasa miji a harin ƙauye, da ma'aikacin da ya yi ritaya yana jiran haƙƙinsa, da matashin da ya gama bautar ƙasa yana tuƙa keke, kuma kowannensu zai koma gida bayan sujada ya yanke shawarar abin da zai yi da safiyar Litinin.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani dattijon ikilisiya,
Hanyar Rukuba, Jos.