Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Matasa Da Wasanni Na Jihar Kano Kan Makomar Kano Pillars

Mai girma Kwamishina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana lafiya tare da iyali da abokan aiki, Allah ya yi riƙo da hannunka a kan nauyin da aka ɗora maka. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na Ƙaramar Hukumar Sumaila, kuma nakan horar da yara ƙwallo bayan sallar la'asar. Na rubuto maka ne a kan Kano Pillars, ƙungiyar da gwamnatin jiha ta mallaka, wadda ake biyan albashinta da dukiyar al'ummar ƙananan hukumomi 44.

Babu shakka labarin musun da ake yi a kan wannan ƙungiya ya iso gare ka, domin babu gidan kallon ƙwallo ko teburin mai shayi da ba a tayar da shi a duk yammacin da aka tashi wasa. Ɓangare ɗaya na cewa ƙafafun manyan 'yan wasanmu sun yi nauyi, ba su iya jure minti casa'in, saboda haka a ajiye su a zuba yara. Ɗaya ɓangaren kuma na cewa duk ranar da aka cire irin su Rabi'u Ali daga fili babu mai iya riƙe ƙwallo ya kwantar da wasa, kuma yaro ba zai iya ɗaukar ihun 'yan kallo a Aba ko Fatakwal ba. Na ga aminai sun ɓata a kan wannan magana. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma a ganina duka biyun suna jayayya ne a kan abin da ba a tanada ba. Masu cewa a zuba yara, idan ka nemi su kawo sunayen yaran, da ƙyar su lissafa uku. Masu kare manya kuma ba ƙin yara suke yi ba, tsoro suke ji, domin ba su ga wanda aka shirya ya gaji kowa ba. Wannan ba laifin Rabi'u Ali ba ne, mutumin da ya haura shekara arba'in yana bai wa ƙungiyar nan ƙarfinsa, kuma ya cancanci girmamawa. Tambayar da ta dace a yi ita ce, me ya sa jihar da ta fi kowace jiha yawan ƙananan hukumomi a Najeriya ta kasa samar masa magada tun yana da sauran ƙarfin koya musu?

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin tarihin. Ahmed Musa bai cika shekara 18 ba lokacin da ya sa rigar Pillars, kuma a kakar 2009/2010 ya zura ƙwallo 18, ya fi kowa a gasar. Daga nan ya wuce VVV-Venlo a ƙasar Holan, ya je CSKA Moscow, ya je Leicester, ya ci Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya ci Iceland biyu a ta 2018. Da mai horarwa na wancan lokaci ya ce yaro ne, ya zauna a benci sai ya girma, da babu wannan labari. Kafin shi akwai Sani Kaita, wanda ya tafi Sparta Rotterdam daga Pillars bayan Najeriya ta zo ta biyu a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2005. Ƙungiyar da ta riƙa haɗa sabon jini da gogaggu ita ce ta je Alƙahira a 2009 ta tashi 2-2 da Al Ahly, wadda ke riƙe da kofin zakarun Afirka a lokacin, ta fitar da ita, ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta tsayar da ita. Ita ce ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, sannan ta jera shi sau uku a 2012 da 2013 da 2014.

Tun daga 2014 kofin gasar ƙasa bai sake shigowa Kano ba. A 2015 Nasarawa United ta zo har filin Sani Abacha ta karya tarihin fiye da shekara goma da muka yi ba a ci mu a gida ba. A 2018 muna gaban Rangers da ci uku a wasan ƙarshe na kofin Aiteo a Asaba, aka farke su duka, muka rasa kofin a bugun fenareti. Kofin Aiteo na 2019 da muka ɗauka a Kaduna a kan Niger Tornadoes ya share mana hawaye, amma bayan shekara uku, a 2022, Sai Masu Gida suka faɗa rukuni na biyu. Mun dawo a 2023, mun gode wa Allah, sai dai dawowa daban, komawa matsayin da daban. Abin da na lura da shi a matsayina na mai bibiya shi ne, duk lokacin da sakamako ya lalace, maganin da ake nema ɗaya ne: a sauya mai horarwa, a sayo 'yan wasa a tsakiyar kaka, a kira tsoffin taurari su dawo. Wannan yana iya ceton kaka guda, amma ba ya gina ƙungiya. Manomin da ya cinye irinsa a bazara dole ya saya a kasuwa da tsada idan ruwa ya sauka, kuma bai san ingancin abin da aka auna masa ba.

Ga ainihin ƙorafina. Ƙananan hukumomi takwas ne ake lissafawa a cikin birni da kewayensa, sauran 36 karkara ce, kuma a nan dubban yaran da ake cewa babu suke. Ina roƙonka ka nemi a kawo maka jerin sunayen 'yan wasan babbar ƙungiya da na ƙaramar, ka duba da idonka nawa ne suka taso a Sumaila ko Tudun Wada ko Doguwa ko Gwarzo ko Ɗambatta ko Gaya, sannan a bayyana wa jama'a adadin. Idan adadin ya yi yawa, za mu yi murna. Idan kuwa bai taka kara ya karya ba, to ka ga inda gyaran zai fara.

Bari in gaya maka yadda ƙwallo take a wurinmu, domin wanda yake ofis a birni ba lallai ne ya gani ba. Filinmu na makarantar firamare ne, ragarmu itace biyu ne da igiya a sama. Da damina ta kama, yara suna gona tun asuba, rabin filin ma ciyawa ce ko kwatami, saboda haka kakar wasanmu ta gaskiya tana farawa ne bayan an gama girbi, ta ƙare kafin zafin bazara ya tsananta. A cikin waɗannan watanni ake buga gasar ƙauye da ƙauye, matasa su yi karo-karo su sayi ƙwallo, su ɗauki hayar a-kori-kura zuwa garin da za a kara. Idan zaɓe ya matso, kofuna sukan yawaita, kowane mai neman kujera ya sa nasa, a raba riguna masu hotonsa, a yi wasan ƙarshe da kiɗa da jawabai. Washegari yaron da ya ci ƙwallo biyar a gasar ya koma inda yake, babu wanda ya rubuta sunansa, babu wanda ya san shekarunsa. Nan da shekara biyu yana Legas yana tura baro, ko yana kan babur yana acaɓa a wata jiha. Waɗannan yara suna gudu a kan rairayi da ƙafa ba takalmi, sun saba da wahalar da ɗan birni ba zai jure ba, abin da suka rasa kawai shi ne idon da zai gan su da kuma mai koya musu tsayuwa a fili.

Inda hukuma ta bar gurbi kuwa, macuta ke shiga. A ƙauyenmu wani mutum ya zo da takardu masu tambari, ya ce shi dillalin 'yan wasa ne, zai kai wani yaro ɗan shekara 16 da nake horarwa gwaji Turai. Mahaifin yaron ya sayar da buhunan masararsa da awaki ya ba shi, tun daga ranar wayar mutumin ba ta sake shiga ba. Da akwai wakilin hukuma da iyaye suka sani a matakin ƙaramar hukuma, da an gaya wa wannan dattijo cewa dokar FIFA ta hana sayar da yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu keɓantattun dalilai. Har yau idan na haɗu da shi a masallaci nauyinsa nake ji, domin ni na fara gaya masa ɗansa yana da baiwa.

Na san amsar da aka saba bayarwa ita ce babu kuɗi. Ina ganin akasin haka ne, rainon yara shi ne hanyar da ƙungiya za ta daina dogara kacokan da baitulmali. A tsarin FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 da 23, kuma wannan haƙƙi yana biyo shi duk lokacin da aka sake sayar da shi a irin wannan ciniki. Sharaɗin kawai shi ne a yi wa yaron rajista da sunan ƙungiyar tun yana ƙarami. Duk yaron Kano da ya fita ba tare da rajista ba, asara ce ga jiha. Ka dubi Remo Stars, ƙungiyar wani ɗan kasuwa a garin Ikenne na Jihar Ogun, garin da bai kai wasu hedikwatocin ƙananan hukumominmu cika ba. Sun kafa makarantar horar da yara ta Beyond Limits, suka yi haƙuri da ita, kuma a 2025 suka ɗauki kofin gasar ƙasa karon farko. Idan mutum ɗaya ya iya, ban ga dalilin da gwamnatin Kano za ta kasa ba.

Mai girma Kwamishina, mun sha jin kalmar bunƙasa wasanni tun daga tushe a bakin gwamnatoci, a wajen rantsar da shugabannin ƙungiya da wajen buɗe gasa, kuma kowane karo muna gaskatawa. Lokacin da aka naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar a 2025, matasan ƙauyenmu sun yi ta murna, domin sun ce wanda aka bai wa dama yana yaro ba zai manta da yara ba. Amma manaja ba shi ke riƙe da kasafin kuɗi ba, kuma ba shi ke da iko a kan shugabannin ƙananan hukumomi ko sakatarorin ilimi ba. Wannan ikon yana wajen gwamnati, kai ne kuma wakilinta a harkar. Don Allah kada a bar shi da suna kawai.

Abin da nake roƙo ba gini ba ne. A kafa gasar 'yan ƙasa da shekara 15 da ta 'yan ƙasa da 17 tsakanin ƙananan hukumomi 44, a riƙa buga ta kowace shekara bayan girbi, ko ana zaɓe ko ba a yi, kuma ba da sunan kowane ɗan siyasa ba. A tura tsoffin 'yan wasan Pillars, waɗanda da yawansu ke zaune babu aiki, su zauna a bakin fili a kowace shiyya suna rubuta sunaye. Wanda aka zaɓa a ɗauke shi da yardar iyayensa, a sa shi makaranta, domin ba kowa ne zai zama ƙwararre ba, kuma babu uban da zai saki ɗansa idan ya san karatu zai tsaya. A tsananta a kan shekaru tun daga farko, da takardar haihuwa da rajistar firamare, domin tun 2009 FIFA take amfani da hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru a gasar 'yan ƙasa da 17, kuma wanda ya rage shekaru a Kano zai ji kunya a gaba. Kano ce ke karɓar baƙuncin gasar Ramat ta matasa da ake yi don tunawa da Janar Murtala Muhammad, jihohi suna kawo yaransu gabanmu, saboda haka ba ƙwarewar shirya gasa muka rasa ba. Bayan haka, a rubuta a cikin kwantiragin mai horar da babbar ƙungiya cewa zai riƙa sa wani adadi na yaran gida, a kuma ba shi tabbacin cewa ba za a kore shi ba saboda wasa uku da aka rasa yana gwada su. Idan babu wannan tabbaci, kowane koci zai zaɓi tsohon hannu don kare abincinsa.

Mu magoya baya ma da namu. Wanda ya yi ihun a sa yaro, shi ne kuma yake zaginsa daga kuskuren farko, kuma rikicin 'yan kallo ya taɓa jawo mana asarar maki uku a 2022, shekarar da muka faɗi. Akwai kuma batun biyan alawus a kan lokaci, da doguwar tafiyar mota zuwa Uyo ko Inugu a gasa mai wasa 38, amma waɗannan wasu sun fi ni iya bayaninsu.

Ina roƙon ka sanar da jama'a ranar fara gasar ƙananan hukumomi kafin a gama girbin bana, tare da sunan jami'in da iyaye da masu horarwa za su tuntuɓa a kowace ƙaramar hukuma. Ni da 'yan'uwana masu horar da yara a wannan yanki a shirye muke mu kawo jerin sunayen yaranmu da takardun makarantarsu duk ranar da aka nema.

Wassalam.

Naka,
Malamin firamare kuma mai horar da yara,
Ƙaramar Hukumar Sumaila, Jihar Kano.